Amsoshin Tambayoyinku: Ƙungiyoyin Ɗalibai, da Iyakar Mai Bidiyo da Yaran da ke Binsa

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan Zariya. Wasiƙun wannan makon sun taru a kan shiga ƙungiyoyin ɗalibai a jami'a, da kuma mu'amalar masu wallafa bidiyo a intanet da yaran da ke bibiyarsu. Tare da ni akwai wani malamin jami'a da ya daɗe yana kula da harkokin ɗalibai, da wata lauya da ke aiki a kan shari'o'in da suka shafi yara. Saboda yanayin wasu tambayoyin, a yau unguwa kawai za mu ambata, mu sakaya sunaye.

Wasiƙar farko daga Samaru take, daga wani ɗan aji ɗaya. Ya ce mahaifinsa ya gargaɗe shi cewa karatu aka aiko shi, kada ya kuskura ya shiga kowace ƙungiya, shi kuwa yana sha'awar wasan kwaikwayo. Malam, ranka ya daɗe, shiga ƙungiya tana cinye maki?

Malam: To, kafin in amsa, ya kamata yaron nan ya san ƙasar da yake takawa. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, amma tun a 1958, lokacin da wurin yake kwalejin fasaha da kimiyya, wasu ɗaliban zane suka kafa ƙungiyarsu a nan Zariya, cikinsu akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko. Babu malamin da ya ba su maki a kan wannan zama nasu, amma yau ba a ba da tarihin zanen zamani a Nijeriya ba tare da an ambace su ba. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS kuma a 1954 aka kafa ta a Legas, gasar wasannin jami'o'i ta NUGA ta fara a 1966 a Ibadan, kuma idan muka koma zamaninmu, lokacin da ake ba ɗalibi tikitin cin abinci...

Mai gabatarwa: Malam, gafarta, idan muka shiga zancen tikitin abinci sai magariba ta same mu a nan. Yaro ya shiga ko kada ya shiga?

Malam: Ya shiga, amma ba a zangon farko ba. Ya fara ganin sakamakon jarrabawarsa ta farko, domin makin da aka tara a aji ɗaya shi ne tubalin da ake ɗora sauran a kansa, kuma wanda yake neman digiri mai daraja ta ɗaya sai ya kai 4.50 cikin 5, mai bi mata kuwa daga 3.50 take farawa. Idan ya ga ƙafarsa ta tsaya, sai ya zaɓi ƙungiya guda ɗaya, ya je ofishin kula da harkokin ɗalibai ya tabbatar tana da rajista. Duk ƙungiyar da ke taro cikin dare a bayan ɗakunan kwana, ko take neman rantsuwa da ɓoye sirri, wannan ƙungiyar asiri ce ko da wane suna ta zo masa, kuma ina kyautata zaton ita ce mahaifinsa yake tsoro.

Mai gabatarwa: Ka ji, ƙanena. Ka jira sakamakon farko, ka zaɓi guda ɗaya, ka tabbatar tana da rajista, sannan ka kai wa Baba takardar sakamakon da hannunka kafin ka kawo masa maganar wasan kwaikwayo. Wata ɗalibar shari'a daga Kongo tana tambayar wace ƙungiya ce za ta fi amfanarta, kuma amsar ita ce ta mahawara da kotun gwaji, domin lauyan da ke rawar murya gaban alƙali ya sha wahalar karatu a banza. Wani kuma daga Shika ya ce karatun likita bai bar masa ko lokacin aski ba, to kai likita, mun yafe maka, ka je ka yi askin tukuna.

Yanzu ga wasiƙar da nake son mu tsaya a kanta, domin mun samu irinta da dama, wasu daga masu bidiyon, wasu daga iyaye. Mai ita ɗan aji uku ne da ke zaune a Hanwa. Ya ce a ƙungiyar wasan kwaikwayo ya fara koyon barkwanci, daga baya ya riƙa ɗora gajerun bidiyo a TikTok har mabiyansa suka yi yawa. Ya ce akwai wata yarinya 'yar shekara 14 da ke aiko masa da saƙo a ɓoye kusan kullum bayan sallar isha'i, tana kiransa Yaya, tana gaya masa damuwarta a gida, ta taɓa turo masa lambar katin waya a matsayin kyauta, yanzu kuma tana neman lambarsa, tana son su haɗu a unguwar PZ ta gaishe shi. Ya ce wallahi a matsayin ƙanwa ya ɗauke ta, kuma yana tsoron idan ya daina amsa mata za ta shiga wani hali. Barista, ranki ya daɗe, me za ki ce masa?

Barista: Na gode. Da farko ina son masu sauraro su san cewa Dokar 'Yancin Yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, kuma Jihar Kaduna ta yi tata dokar kare yara a 2018. Dokar laifukan intanet ta 2015 ita ma ta tanadi hukunci ga wanda ya yi amfani da waya ko kwamfuta wajen jan hankalin yaro da nufin lalata da shi, ko ya mallaki hoton yaro na batsa. Kamfanonin ma suna da nasu ƙa'idojin. TikTok ba ya yarda a buɗe shafi sai an kai 13, ba ya ba da damar saƙon ɓoye sai an kai 16, shirin kai tsaye da aika kyautar kuɗi kuwa sai an kai 18. Ke nan yarinyar da ke aika saƙon ɓoye tana da shekara 14 ta ƙara wa kanta shekaru ne lokacin buɗe shafin. A Ostireliya ma abin ya kai majalisarsu ta yi doka a 2024 da ta hana 'yan ƙasa da 16 mallakar irin waɗannan shafuka.

Mai gabatarwa: Barista, kin ba yaro tsoro, alhali bai ce ya aikata komai ba. Tambayarsa ita ce yadda zai janye ba tare da ya karya mata zuciya ba.

Barista: Haka ne, ban ce ya yi laifi ba, kuma na yaba masa da ya rubuto. Amma ya sani cewa ranar da mahaifin yarinyar ya ɗauki wayarta ya ga hira da saurayi ƙarfe goma sha ɗaya na dare, niyyarsa ba za ta fito a kan allon wayar ba, saƙonnin ne kawai za su fito. Shawarata ita ce ya rubuta mata saƙo guda cikin mutunci, ya ce yana godiya da kallon bidiyonsa, amma ba ya hirar ɓoye da waɗanda ba su kai 18 ba, kuma wannan ƙa'idarsa ce ga kowa, ba ita kaɗai ba. Kada ya ba ta lamba, kada ya je PZ, kada ya ƙara karɓar kati, kuma kada ya goge hirar da suka yi a baya, domin ita ce shaidarsa.

Mai gabatarwa: Bari in faɗa masa da harshen gida. Kai ɗan'uwa, a cikin birnin Zariya ko malamin da ke koya wa yara karatu a zaure yake zama, inda mai wucewa ke ganinsa, mai gida kuma ke jin muryarsa daga ciki. Wurin da ake rubuta sharhi a ƙarƙashin bidiyonka shi ne zaurenka, kowa yana gani. Akwatin saƙon ɓoye kuwa ƙuryar ɗaki ce, kuma babu uban da zai yarda baƙo ya shiga ƙuryar ɗakin 'yarsa da dare don kawai baƙon yana da kyakkyawar niyya. Ina maimaitawa saboda sauran masu bidiyo da ke saurarenmu: ku amsa wa yara a fili, kada ku bi su ɗaki. Ni dai a ganina kalmar Yaya ɗin nan ce ta ɗaure shi. Yarinyar tana kallon fuskarsa kullum har ta ji kamar ɗan gidansu ne, shi kuwa ko sunan unguwarsu bai tabbatar ba.

Amma Barista, idan damuwar da take gaya masa ta gaske ce fa, wato ana cutar da ita a gida?

Barista: To a nan ba zai riƙe sirri ba, kuma kada ya taɓa yi mata alkawarin zai riƙe. Ya ƙarfafa ta ta gaya wa mahaifiyarta ko gwaggonta ko malamar makarantarsu, idan kuma maganar ta kai ga cin zarafi, akwai Cibiyar Salama a Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, akwai kuma hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP da 'yan sanda. Shi ɗan wasan barkwanci ne, ba a horar da shi ɗaukar wannan nauyi ba, kuma idan ya ɗauka shi kaɗai yana iya jinkirta taimakon da ya kamata ta samu.

Malam: Ina son in ƙara wani abu, domin matsalar ba a waya kaɗai take ba. Yanzu da shekara 16 ana shiga jami'a, saboda haka cikin sababbin ɗaliban da ke yin layi a teburin rajistar ƙungiyoyi akwai waɗanda doka ke ɗauka yara ne. Shugaban ƙungiya ɗan aji huɗu da ke riƙe da lambobinsu, yana raba musu rawar da za su taka a wasa, yana da iko a kansu ko bai sani ba. Abin da nake gaya wa shugabannin shi ne a yi atisaye da rana a wurin da aka sani, a aika sanarwa a dandalin ƙungiya inda kowa ke gani, kuma idan ƙungiya za ta kai ziyara makarantar sakandare, a bi ta hannun shugaban makarantar, kada a dawo da lambar ko yaro ɗaya.

Mai gabatarwa: Lokaci yana neman ƙure mana. Wata Hajiya daga Tudun Wada ta ce ɗanta ɗan shekara 12 ya yi ta aika wa wani mai shirin kai tsaye kyauta da wayarta, sai da ta je cire kuɗin cefane ta tarar asusun ya yi ƙasa, tana tambaya ko za ta iya kai mai shirin ƙara. Hajiya, da girmanki, wa ya ba yaro lambar sirrin katin? Barista, a taƙaice.

Barista: Ƙarar za ta yi wuya, tunda daga shafin babba kyautar ta fita. Ta rubuta wa kamfanin ƙorafi ta cikin manhajar cewa yaro ne ya kashe kuɗin, ta je banki a canja mata lambar sirri, ta kuma cire katin daga wayar. Idan yaron ya kai 13 ya buɗe nasa shafin, TikTok yana da tsarin haɗa shafin iyaye da na yaro, wanda ke ba ta damar taƙaita lokacin kallo.

Mai gabatarwa: Wasiƙa ta ƙarshe daga Sabon Gari take, wani yana tambaya ko ɗaukar bidiyon barkwanci a ɗakin kwanan ɗalibai yana cikin ayyukan ƙungiya da za a rubuta a takardar neman aiki. Malam yana girgiza kai, ni kuwa na ce ya rubuta idan ya iya tace bidiyo da kyau, amma ya nemi izinin abokan ɗakinsa kafin duniya ta ga wankin da suka shanya a kan gado. Wasiƙu biyu daga Wusasa da Gyallesu sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Malam, Barista, mun gode ƙwarai. A huta lafiya.