Zuciyar Roba Kafin Zuciyar Mutum

Jama'a, ku ɗauka ga zuciya a kan tebur a gabanku, amma ta roba. Ba a masana'anta aka zuba ta ba. Na'urar buga abubuwa ta 3D ce ta fitar da ita, kuma kwafin zuciyar wani majinyaci ce, da ɗakunanta huɗu, da manyan jijiyoyinta, har da naƙasar da ta kai shi asibiti.

Da farko ana ɗaukar hoton ƙirjin majinyacin da na'urar CT ko MRI, wadda ke fitar da hotuna ɗaruruwa, yanka-yanka. Sai ƙwararre ya zauna gaban kwamfuta yana bin su, yana ware inda jini ke bi da inda tsoka take. A nan ne wahalar aikin take, don idan ya yi kuskure, na'ura za ta buga kuskuren nasa daidai yadda ya ba ta. In an gama sai ta shiga aza roba mai laushi, shimfiɗa bisa shimfiɗa, na tsawon awanni.

To, me ya sa ake wannan ɗawainiya? Kusan jariri 1 cikin 100 ana haihuwarsa da matsalar zuciya, kuma matsalolin kala-kala ne. Wata sai ɗalibi ya kammala horonsa bai gan ta ba fiye da 'yan lokuta. Gawar da ake koyarwa da ita galibi ta babba ce, zuciyar dabba kuwa lafiyayya ce, babu naƙasar da ake son a koyi gyarawa. Shi ya sa aka daɗe ana koyo a kan majinyaci mai rai, malami na tsaye a gefe. Tela ma ba ya miƙa wa yaron shago shadda ranar farko, takardar siminti yake ba shi ya yanka.

A asibitin yara na SickKids da ke Toronto a Kanada, tun shekarar 2015 likitoci ke taruwa suna gwada tiyata a kan irin waɗannan zukata. Ɗauki misalin jaririn da manyan jijiyoyinsa biyu suka fito a juye, kowace ta fito daga inda 'yar'uwarta ya kamata ta fito. Dakta Adib Jatene na Brazil ne ya fara yin nasarar musanya su a 1975. Aiki ne da ake yi cikin makonnin farko na rayuwa: a yanke jijiyoyin biyu, a sauya musu wuri, sannan a cire ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta, waɗanda kaurinsu bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, a dasa su ba tare da sun lanƙwashe ba. A kan roba, ɗan koyo zai yi ɗinkin, malami ya ɗaga ya duba kowane zare, ya ce masa sake. Ya sake ɗin, babu iyayen da ke jira a bakin ƙofa.

Ba masu wuƙa kaɗai ke amfana ba. Akwai aikin da ake yi da siririn bututu, a zura shi ta jijiyar saman cinya har ya isa ɗakin dama na zuciya, sannan a huda bangon da ke tsakiya da allura a tsallaka ɗakin hagu. Wurin hudawar ɗan ƙarami ne. Hannu ya kauce kaɗan, allura na iya taɓa babbar jijiya ko ta ɓula zuciyar, jini ya taru ya matse ta. Idan robar garau ce, ɗalibi na ganin bakin allurarsa ƙuru-ƙuru, yana kuma kwatanta shi da inuwar da hoton X-ray ke nunawa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ciwon maƙogwaron yara da ba a yi maganinsa ba yana iya komawa ya lalata bawul ɗin zuciya, wato 'yar ƙofar da ke hana jini komawa baya, bayan shekaru, kuma cutar tana da yawa a ƙasashen Afirka. Sau da yawa a wajen mata sai an ɗauki ciki take bayyana. Ɗaya daga cikin hanyoyin buɗe tsukakken bawul shi ne a hura balan-balan a cikinsa, kuma ta wannan hudar ake kai shi can.

Sai dai roba ba tsoka ba ce. Ba ta zubar da jini, ba ta bugawa sai an jona mata famfo, zare ma ba ya kama ta kamar yadda yake kama nama. Na'urorin da ke buga roba mai laushi suna da tsada. Bawul kuwa, saboda sirantakarsa da yawan motsinsa, yana cikin sassan da suka fi wuyar fitowa sosai a hoto, balle a buga shi. A wurare da dama ana zuba shi daban da silikon, wata irin roba mai laushi, sannan a maƙala shi a jikin zuciyar kafin a miƙa wa ɗalibi.