"Baba, mene ne wancan?": Lacca kan tambayoyin yara a daren zango

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

An ce in yi magana a kan fita da iyali a kafa tanti a kwana a daji ko bakin ruwa, da yadda za a yi da yara idan dare ya yi, tambaya ta yi yawa, tsoro kuma ya shigo. Bari in fara da kaina, kada a ce mai laccar bai taɓa kwana a waje ba.

Ranar da na fara fita da 'yata tana da shekara 5. Da rana ba wanda ya kai ta murna, ita ce miƙo turaku, ita ce tsintar duwatsu. Ana kashe tocila sai na ji ɗan yatsa yana zungurar haƙarƙarina. "Baba, mene ne wancan?" Na ce ba komai, yi barci. Ta yi shiru jim kaɗan, ta ce, "Ai kuwa na ji shi." Ta fi ni gaskiya, don ni ma na ji abu yana motsi a busassun ganye. Da na ce mata ba komai, sai ta ɗauka ko dai babanta kurma ne, ko yana ɓoye mata wani abu. Wanne ne a ciki zai sa yarinya barci?

Sai na tashi, muka zuge zif, na haska. Bushiya ce. Haske na dukanta ta dunƙule kamar ƙwallo. Yarinya ta kwashe da dariya, ta ce, "Ashe ita ma tsoronmu take ji." Ko minti 10 ba a yi ba ta yi barci.

Yaro mai shekara 3 zuwa 6 tunaninsa ya riga saninsa girma. Duk ƙarar da bai san mai ita ba, shi zai zana mata fuska, kuma fuskar da zai zana ta fi ta gaskiya muni. Aikinku shi ne ku raɗa wa ƙarar suna. Wancan gyare ne. Wancan kwaɗo ne. Wancan iska ce ke kaɗa rufin tanti. Idan kai ma ba ka gane ba, ce masa, "Zo mu saurara tare." Kuma akwai dalilin da ya sa komai ke ƙara da dare. Hayaniyar rana ta ɗauke, sannan iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama sanyi, sai ta riƙa lanƙwaso sauti ƙasa, ya yi nisan tafiya. Abin da kake ji kamar a bayan tanti, wataƙila yana can nesa. Yara na son irin wannan bayani fiye da yadda muke zato.

Duhu ma haka. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, kuma farin hasken waya ko tocila yana ɓata wannan nan take. Jan haske bai cika ɓatawa ba. To, ku mai da abin wasa: a kashe komai, a zauna a bakin tanti, a ga wanda zai fara hango taurarin nan da ake kira Kaza da 'Ya'yanta. Zara kuma ku gaya musu ba tauraruwa ba ce, duniya ce irin tamu da ke zagaya rana. Za ku sha tambaya, wallahi, har sai kun gaji. (Dariya.)

Amma akwai tsoron da yake da hujja, shi ba a rarrashinsa da daɗin baki. Idan yaro ya ce yana tsoron tsawa, ba shi aiki: da ya ga walƙiya ya fara ƙirga. Sauti yana cin kilomita 1 a cikin daƙiƙa 3, saboda haka in ya ƙirga 15 ya ji rugugi, abin yana kilomita 5. Idan bai kai 30 ba, a tashi a shiga gini ko mota mai rufin ƙarfe, a rufe gilashi, kuma ba a fitowa sai an yi minti 30 ba a sake jin tsawa ba. Tanti ba ya kare kowa daga aradu, kada ku ce masa yana karewa. Maciji da kunama kuwa, koya masa ya zazzage takalminsa kafin ya sa, kada ya zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, kada ya fita fitsari ba haske ba babba. Idan ya ce sanyi, a ƙara bargo. Kada a shigo da gawayi ko risho cikin tanti ko da wasa, domin iskar da suke fitarwa ba launi ba wari, cikin barci take kashe mutum.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni hankalinku. Da yawanmu in muna so yaro kada ya yi nisa sai mu ce dodo zai kama shi, ko mu ce in ka ɓace sai na zane ka. Masu aikin ceto sun san sakamakon wannan: yaro ya ɓata, ya ji baƙin muryoyi suna kiran sunansa, sai ya laɓe ya yi gum. A 1981 wani yaro ɗan shekara 9 ya ɓata a dutsen Palomar da ke Kalifoniya ta Amurka, lokacin da suka je zango da iyayensa. Kwana 4 ana nema, aka tarar sanyi ya kashe shi, bai wuce tazarar kilomita 3 da ɗoriya daga zangon ba. Daga nan wasu daga cikin waɗanda suka fita nemansa suka kafa shirin Hug-a-Tree, wato rungumi bishiya. Darasin gajere ne: in ka ga ka ɓata, tsaya wuri ɗaya kusa da bishiya, kada ka ci gaba da tafiya, kuma ka amsa in an kira ka. Ku rataya wa kowane yaro usur a wuya, busa uku a jere alamar neman taimako ce. Sannan ku faɗa masa ido da ido, tun da rana, "In ka ɓata ba wanda zai yi maka faɗa, nemanka kawai za mu yi."

Na ga hannu a can. Bismillah, Hajiya.

(Ta tambaya: idan yaro ya kafe cikin dare sai an koma gida fa?)

To Hajiya, da farko a duba ko yunwa ce, ko sanyi, ko fitsari ya matse shi yana tsoron fita, don sau da yawa nan matsalar take. In ba su ba ne, ba shi tocilar ya riƙe da kansa, ki kwanta ta bakin ƙofa, ki ce masa gari na wayewa za a sake shawara. Idan kuka ya ƙi ƙarewa kuma hanya ba hatsari, ku tattara ku tafi, ba abin kunya ba ne. Karo na gaba ku fara kafa tantin a tsakar gida ya kwana ɗaya a ciki, inda zai riƙa hango ƙofar ɗakinsa. Sai tambaya ta gaba.