Daga Ayagi zuwa Zangon Barebari: lacca ga malaman makaranta

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Malamai, ayyuka biyar na zo da su, waɗanda za a raba yara rukuni-rukuni su yi don su san mutanen da suke zaune da su. In na zarce lokaci, shugaban taro ya yi mini gyaran murya.

Na farko kowa ya san shi, ranar al'adu. A ɗaura wa yarinya ashoke, a sa wa yaro jar hula, a ɗauki hoto, a watse. Ban ce a daina ba. Amma na san makarantar da ta shekara biyar tana yi, har yau yaran ba su iya gaisuwa ɗaya da wani yare ba.

Na biyu shi ya kawo ni nan: sunayen unguwannin Kano. Ka raba aji, kowane rukuni ka ba shi unguwa ɗaya, ka ce su je su tambayo tsofaffi su wa suka fara zama a wurin. Shi ke nan aikin. Ayagi, Yarbawa ne 'yan kasuwa. Tudun Nufawa, sunan ma ya gama magana. Zangon Barebari, nan fataken Borno suke sauka. Agadasawa, mutanen Agadas. Dandalin Turawa fa? Wa zai faɗa mini? Malam mai farar hula ya ce Ingila. To ka faɗi jarrabawa! (dariya) Turawan nan Larabawa ne, na wajen Tarabulus da Gadamas, tun kafin Bature ya shigo Kano a 1903. Duk waɗannan a cikin ganuwa suke, ku lura, a cikin ganuwa. Ban ma fita Sabon Gari ba tukuna, wadda ta kafu bayan zuwan jirgin ƙasa.

Kuma abin ya daɗe. Wangarawa daga Mali suka zo zamanin Sarki Yaji, wanda tarihi ya ce ya hau mulki a 1349, suka zauna a Madabo. Shehu Magili ya zo zamanin Muhammadu Rumfa, mai Kasuwar Kurmi, zuriyar Shehun na unguwar Sharifai. To wane ne baƙo a garin nan?

Na taɓa ba wani aji wannan aiki. Akwai wani yaro mai baki, kullum yana ce wa ɗan ajinsu baƙo. Ya koma gida ya tambayi kakarsa, ta ce masa ai kakan kakansa daga Bida ya zo. Ranar Litinin ya shigo shiru kamar ruwa ya ci shi. Ni ban yi masa wa'azi ba, kakarsa ta gama mini aiki. Wa'azinka na minti arba'in ba zai yi abin da tsohuwa ta yi da magana ɗaya ba. Shi ya sa nake cewa a tura su gida su tambayo, a tura su gida. Wanda ya samu hali ya kai su gidan tarihi na Gidan Makama daga baya.

Sharaɗi ɗaya: kai malami za ka haɗa rukunin, kada ka bari su zaɓi abokansu. Kuma kada ka tsayar da yarinya ɗaya tilo ka ce ta yi bayanin duk ƙabilarsu. Ita ma a nan aka haife ta, watakila ta fi ka Hausa.

Na uku, ko na huɗu ne? Oho. Farautar kalmomin aro. Agogo da ashana daga Yarbanci muka samo su, kasuwa ta bakin Barebari ta shigo. Rukunin da ya fi tarowa ya ci. Sai wasan barkwanci, Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, Katsinawa da Nufawa, su binciko... Na'am, Malama?

Tambaya: Malam, ni wasan nan nake tsoro. Ajina yara sun haura 90. In na buɗe ƙofar tsokana, wa zai rufe?

Gaskiyarki, Malama. Barkwanci tsakanin taubasai ake yinsa, kowa yana da bakin ramawa. In yara tamanin suka taru a kan ɗaya, ya tashi daga wasa, ya zama cin zali. Saboda haka a aji irin naki ki ajiye shi, na janye. Ki tsaya kan unguwanni. Rukuni goma, yara tara-tara, kowane rukuni da mai tambaya da mai rubutu da mai tashi ya faɗa. Kada ki saurare su rana ɗaya, kanki zai fashe. Rukuni biyu duk mako, mako biyar kin gama. Takarda kuwa bayan tsohuwar kalanda ya isa a zana taswirar.

Shugaba ya yi gyaran murya sau biyu, na ji. Ɗayan aikin na girke-girke ne, mai so ya same ni a waje bayan La'asar.