Jikka ba ta koma dala ɗari ba: abin da ya faru da sefa a 1994

[Hoto: waya a hannu, ana wuce saƙonnin WhatsApp]

Assalamu alaikum jama'ar Tahoua da kewaye. Wannan hoton da kuke gani, sau biyar aka turo mini shi cikin kwana biyu. Shafin farko ne na wata tsohuwar jarida, an yanke samansa inda kwanan wata yake, an bar babban kanun: an karya darajar sefa da kashi 50 cikin 100. Wani kuma ya biyo da saƙon murya, wai kowa ya kwashe kuɗinsa daga banki, jikka, wato sefa 1000, za ta koma dala ɗari, wato sefa 500.

Labarin ya faru, amma ya haura shekara 30. Kuma ko a wancan lokacin jikka ba ta koma dala ɗari ba.

[Hoto: tsoffin hotunan birnin Dakar, sannan takardun sefa na da]

Daren Talata, 11 ga Janairun 1994, a Dakar. Shugabannin ƙasashe masu cin sefa sun taru, tare da Michel Camdessus na asusun lamuni na duniya, FMI, da ministan Faransa Michel Roussin. A nan Nijar Mahamane Ousmane ne shugaban ƙasa, Mahamadou Issoufou firaminista. Tsohon Abijan, Houphouët-Boigny, shugaban Côte d'Ivoire, wanda ya daɗe yana ƙin wannan mataki, ya rasu a Disambar da ta gabata. Darajar sefa a kan faran na Faransa, da ba ta motsa ba tun 1948, washegari aka wayi gari an sauya ta. Saura kamar wata ɗaya a kama azumi.

To, nan ne nake so mu zauna.

[Hoto: tabarma, jikka ɗaya a dama, tsakuwa 20 a hagu]

Kafin wannan dare, faran ɗaya na Faransa sefa 50 ne, dala goma ke nan. Bayansa ya zama sefa 100, dala ashirin. Ku ɗauki kowace tsakuwa a matsayin faran ɗaya. Jiya jikkarka tana sayen tsakuwa 20. Yau tana sayen 10.

[Hannu ya kwashe tsakuwa 10]

Wannan shi ne kashi 50 ɗin da jarida ta rubuta. Ku dubi takardar da ke dama: ba wanda ya taɓa ta, sefa 1000 ce rubuce a jikinta jiya da yau. Wanda ya kwana da jikka 30 a banki ya tashi da jikka 30. Wanda ake bi bashin jikka 5 a unguwa, jikka 5 zai biya. Mai fura ba ta ce kuɗinka ya zama rabi ba.

Yanzu mu juya tabarmar, mu dubi abin daga wajen mai odar kaya. Kwalin magani ne a Faransa, faran 20. Bature bai ƙara masa ko sisi ba. Jiya jikka ɗaya ta isa a biya shi. Yau jikka tsakuwa 10 kawai take kawowa, saura 10, sai an ƙaro wata jikkar. Jikka biyu.

Ku lura da kyau. Darajar ta ragu da kashi 50, amma kuɗin kayan waje ya ƙaru da kashi 100, ninki biyu cur. Lissafi ɗaya ne, kawai inda mutum ya tsaya ne ya bambanta. Mutane da yawa da suka ji kashi 50 a gidan rediyon Voix du Sahel sun ɗauka abin jikka ɗaya zai koma jikka ɗaya da rabi. Da suka je kanti suka tarar da biyu, sai suka ce ƴan kasuwa ne suka zalunce su. Akwai waɗanda suka yi zaluncin, ba na musu: an ɓoye tsohon kaya an sayar da shi a sabon farashi. Amma ko ɗan kasuwa mafi tsoron Allah, in kayansa suka ƙare, da ninki zai sake yin oda.

Kawuna yana da teburin kayan gyaran babur a lokacin. Ya sayar da duk abin da ke hannunsa a tsohon farashi cikin ƴan kwanaki, yana murna da ciniki, yana cewa kunya ba za ta bar shi ya ƙara wa maƙwabta kuɗi ba. Da ya tashi sayen sabon kaya, jarinsa rabin tebur ya cika. Har ya rasu, Allah ya jiƙansa, in aka yi maganar kuɗi sai ya ce, "Ɗana, ka tambayi kuɗin sayowa kafin ka faɗi na sayarwa."

[Hoto: kasuwar hatsi, tiya cike da gero, manyan motoci a tasha]

Gero fa, da a gonarmu aka noma shi? Bai ninka a ranar ba. A hankali tsadar ta iso gare shi, ta taya da kayan gyaran motar da ke ɗauko shi, ta sukari da shayin da manomin zai saya in ya sayar. A shekarar, farashin kaya a Nijar ya tashi da fiye da kashi 30 cikin 100. Albashi bai bi shi ba, ga ma'aikata dama suna bin gwamnati bashin watanni. Bashin da ƙasa ta ciwo a kuɗin waje shi ma ya ninka in an ƙirga da sefa, ko da yake Faransa ta yafe wani sashe.

[Hoto: buhunan albasa a Galmi, shanu a kasuwar Badagishiri, iyakar Ƙonni]

Akwai waɗanda abin ya yi wa daɗi, kuma a yankinmu suke. Ragon jikka 20, jiya faran 400 ne ga baƙo, yau 200. Dabbobinmu da albasarmu suka yi araha ga mai kuɗin waje, masu saye daga Najeriya suka ƙaru. Ɗan cin-ranin da ke Faransa in ya aiko, kuɗinsa ya ninka a gida. Na Abijan kuwa, wanda su ne mafi yawa a gidajen Adar, sefa yake samu sefa yake aikowa, tsadar kawai ya tarar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne magani. Daga wannan lokaci ne aka ƙara karkata ga magunguna marasa sunan kamfani, masu sauƙin kuɗi, wannan alheri ne. Amma talakan da kantin magani ya fi ƙarfinsa ya koma wa mai tallar ƙwayoyi a faranti cikin rana, kuma har gobe bai dawo ba. Na san gidajen da wannan ya cutar.

[Hoto: allon canji a banki]

Wata tambayar da ta yi yawa a ƙarƙashin hoton: a 1999 ma ai an sake karyawa, tunda yuro ɗaya ya kai sefa 655? A'a. Faransa ce ta bar faran ta koma yuro, kuma yuro ɗaya faran 6,55957 ne. Ninka shi sau 100 ɗin nan na Dakar, ka samu 655,957. Ba a motsa komai ba.

Ba na ganin laifin dattijon da ya ga wannan hoton gabansa ya faɗi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Shinkafa da mai sun yi tsada a kasuwar Tahoua, gaskiya ne, amma wannan hauhawar farashi ce, ranar da muka zo kanta za mu yi mata nata bidiyon. Karya darajar kuɗi kuwa lamba ɗaya ce ke nuna ta: sefa nawa ne yuro ɗaya. Ga ta nan a allon, mun ɗauke ta da safiyar yau.

[Kyamara ta matsa kusa: 655,957]