Benci, madubi da bakin ƙofa: lacca kan gidajen baje kolin zane na zamani

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa a kan yadda gidan baje kolin zanen zamani yake haɗa kan mutanen da ba su san juna ba, in lokaci ya bar mu.

Na farko ƙofa. Mutum ba ya zama ɗan gida a wurin da yake tsoron shiga. A Birtaniya, a Disamban 2001, manyan gidajen tarihi na gwamnati suka daina karɓar kuɗin shiga. Amma cire tikiti kaɗai ba ya isa, in mai gadi ya kalle ka sama da ƙasa ai ka riga ka biya.

Yawwa, ga inda nake so in zo. Tate Modern, gidan baje kolin zane a Landan, an buɗe shi a 2000, asalinsa tashar wutar lantarki ce, shi ya sa yake da wani makeken zaure inda injuna suke a da, tsayinsa mita 35. A 2003 wani mai fasaha, Olafur Eliasson, ya kafa rana a cikin zauren nan. Rana fa! Rabin da'ira ce ta ɗaruruwan fitilu masu ruwan ɗorawa, sai ya lulluɓe silin da madubi, rabin nan ya koma cikakke, ya kuma saki ɗan hazo. Ba wanda ya ce wa kowa ga abin da za ka yi. Sai mutane suka fara kwanciya a ƙasa, a kan siminti, suna neman kansu a madubin sama. To kun san daga nesa haka kowa ya zama ɗan ɗigo, ba ka gane kanka sai ka ɗaga hannu ko ka wutsila ƙafa, kuma kana cikin neman kanka sai ka ga na kusa da kai shi ma yana ta ɗaga hannu, sai ku kwashe da dariya. Mai kwat da ɗan makaranta da tsohuwa da jikarta, duk a miƙe. Har aka fara haɗuwa ana jera jiki ana yin tauraro, ana yin haruffa. Wajen mutum miliyan 2 suka je. Malam na gaba yana dariya, kai ma da ka je sai ka kwanta, kar ka musa.

Abin da nake so ku riƙe, ba fitilun ne suka haɗa su ba. An ba su dalilin daɗewa ne. Mai wucewa ba ya sabo da kowa. Shi ya sa ni in na shiga irin gidan nan benci nake fara ƙirgawa kafin zane, wallahi benci, don gidan da ba wurin zama yana ce maka ne kalla ka yi gaba.

Na uku... a'a, na biyu ko? To na biyun. A sa wani abin da zai kawo wanda zane bai dame shi ba. Cibiyar zane ta Pompidou a Paris, da aka buɗe ta a 1977, an sa laburare na jama'a a ciki, ɗalibi ya zo karatu, yau da gobe sai ya leƙa sama inda zanen yake. Sai kuma rubutun da ake liƙawa gefen zane, a yi shi da harshen mutane, ba na farfesoshi ba. Wannan mu wuce.

Na'am Hajiya? A miƙa mata makirfo.

(Tambaya: wanda ya kalla bai gane komai ba fa, ba kunya zai ji ya fita ba?)

Kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. A 2006 gidan baje kolin zane na MoMA a New York ya fara wani shiri don masu ciwon mantuwa da masu jinyarsu. Ana zaunar da su gaban zane, jagoran ba ya tambayar wa ya zana ko wace shekara, sai dai me kika gani, me ya tuna miki. Tambayar da ba a faɗuwa a cikinta kenan. Sai ki ji wanda ya daɗe bai yi doguwar magana ba ya buɗe baki, mai jinyarsa tana gefe tana saurare. Don haka in mutum ya fita da kunya, Hajiya, ni jagoran zan fara tuhuma. An ɗaga min takarda wai lokaci ya yi, na ukun sai wani zaman.