Daga Kangayen Inka Zuwa Kasuwar Pisak

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa.

Ku dubi dankalin da wannan baiwar Allah ta kasa a gabanta. Ga ja, ga baƙi, ga ruwan ɗorawa, ga wani mai ƙulle-ƙulle kamar citta. A kasuwanninmu dankalin Turawa muke ce masa, alhali ba Bature ne ya fara shuka shi ba. Asalinsa nan ne, kan tsaunukan Andes a Kudancin Amurka. Sai a ƙarni na 16 'yan Sifaniya suka ɗauke shi zuwa Turai, daga baya ya iso har Jos. A ƙasar Peru kaɗai akwai irinsa fiye da 3,000.

Wannan kasuwa tana garin Pisak a ƙasar Peru, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga birnin Kusko. Amma kafin mu shiga ciniki, mu ɗaga kai sama, don abin da ke kan dutsen can, wato kangayen mutanen Inka, shi zai fahimtar da mu abin da ke cikin kasuwar.

Kusko ne babban birnin tsohuwar daular Inka. Su kansu Tawantinsuyu suke kiran ƙasarsu, wato yankuna huɗu da suka haɗu. Wajen shekarar 1438 wani sarki mai suna Pachakuti ya hau gado, ya shiga yaƙe-yaƙe, kuma kafin a cika shekara ɗari daular ta miƙe daga kudancin Kolombiya ta yau har tsakiyar Chile. A 1532 wani ɗan Sifaniya, Francisco Pizarro, ya zo da mutane ƙasa da 200, ya kama sarki Atahualpa a Kahamarka, aka kashe shi a 1533.

Gargaɗi ɗaya ga mai niyyar zuwa. Kusko yana kan tudun da ya kai mita 3,400. Kana sauka daga jirgi za ka ji numfashi na yi maka wuya, kai na sarawa, matakala goma ta gagare ka. Mutanen wurin soroche suke ce wa wannan ciwo. Pisak bai kai mita 3,000 ba, shi ya sa masu dabara suke fara kwana a kwarin da Pisak yake kafin su koma birni. Za a miƙo maka shayin ganyen koka a masauki, abin sha ne na yau da kullum a can. Amma kada ka kuskura ka sa ganyen a jaka za ka dawo gida, don daga shi ake yin hodar iblis, a filin jirgi ba za a saurari bayaninka ba.

To, ga mu a saman dutse. Da tikitin da ake kira Boleto Turistiko ake shiga, shi ne kuma zai shigar da kai wasu kangayen Inka a Ollantaytambo da Chinchero da Moray. Abin da zai fara cika maka ido gonaki ne hawa-hawa, sun lanƙwashe suna bin jikin tsauni kamar matakalar da aka yi wa ƙato. Kowane hawa katangar duwatsu ce ke riƙe da shi. A ƙasa an zuba manyan duwatsu, sai tsakuwa, sai yashi, sannan ƙasar noma a sama. Idan ruwa ya sauko sai ya tsiyaye ta ciki, ba ya kwashe gona. Da rana katangar na shan zafi, da dare ta sake shi, sai ta kare shuka daga sanyin da ke ƙona ganye. Ga kuma magudanan dutse da ke janyo ruwa daga maɓuɓɓuga, wasunsu har yau suna gudana.

Ni a ganina wannan ya fi fadojin burgewa. Duk wanda ya taɓa ganin zaizaya ta cinye gonar gado zai san darajar wannan aiki.

Can gaba akwai rukunin da ake kira Intiwatana. Inti ita ce rana a Kechuwa, harshen Inka, kuma rana suke bauta wa. Ku kalli katangar nan da kyau. Babu siminti, babu laka a tsakani, dutse ne aka goge aka ɗora a kan dutse har reza ba za ta shiga ba. Ba su da ƙarfe irin namu, da duwatsu masu tauri da tagulla suka yi wannan sassaƙa. Ƙofofin suna da faɗi a ƙasa, su tsuke a sama, katangun kuma sun ɗan karkata ciki. Dalili shi ne girgizar ƙasa. A 1950 da ta afka wa Kusko, cocin Santo Domingo da 'yan Sifaniya suka gina ya farfashe, amma katangar Inka da ke ƙarƙashinsa ta tsaya cak.

Waɗancan ramuka da ke jikin dutsen tsallake, masu kama da gidan zuma, kaburbura ne. Masu neman zinariya sun tone su tun da daɗewa.

Abin mamaki, mutanen da suka yi duk wannan ba su da kuɗi. Haraji da aiki ake biyansa, mit'a ke nan: kowane gari ya ba da majiya ƙarfi su yi noma ko gini ko gyaran hanya. Amfanin da aka samu a zuba a rumbunan gwamnati, kolka, waɗanda ake ginawa a inda iska ke kaɗawa. Lissafi kuwa da igiyoyi masu ƙulli ake yi, kipu. Tsakanin maƙwabta akwai ayni, yau a gonata gobe a taka, gayya dai kamar tamu, kuma har yanzu ana yi.

Yanzu mu gangara. Da ƙafa ya fi daɗi, kamar awa biyu, amma gwiwa za ta faɗa maka. Garin da ke ƙasa ba na Inka ba ne, an kafa shi a shekarun 1570 lokacin da gwamnan da Sifaniya ta naɗa, Francisco de Toledo, yake tattaro mutane daga kan duwatsu domin a ji daɗin karɓar haraji da yaɗa Kiristanci.

Kasuwar na ci kullum saboda baƙi, amma Lahadi ce ranarta. A ranar ne mutanen ƙauyukan sama suke saukowa da kaya a goye cikin mayafi mai launi, ana addu'ar coci da Kechuwa, masu unguwanni su fito riƙe da sandunan sarauta.

Kasuwa biyu ce a wuri ɗaya. Ta farko ta 'yan yawon buɗe ido ce: huluna, barguna, azurfa, rigunan sanyi. Kowa zai rantse maka gashin alpaka ne, wata dabba 'yar uwar raƙumi mai gashi kamar tunkiya. Taɓa ka ji. Na gaske yana da sanyi a hannu da ɗan nauyi, na roba kuwa ɗumi gare shi da ƙyalli, ga arha. Jan launin da ke jikin saƙar gargajiya daga wani ƙwaro ake samunsa, wanda ke zama a jikin tsiro mai ƙaya, a busar da shi a niƙa. Ana taya kaya da kuɗinsu, sol, amma kada ka yi wa matar da ta yi makonni tana saƙa tayin wulaƙanci. In za ka ɗauki hotonta, nemi izini tukuna.

Ta biyun, ta kayan abinci, ita ce tawa. Nan za ka ga masarar wannan kwari na Urubamba, fara, ƙwayarta kamar babban yatsa, ana dafa ta a haɗa da cuku. Nan za ka ga chunyo, ƙananan abubuwa kamar tsakuwa. Dankali ne da ake shanyawa a watan Yuni da Yuli, sanyin dare ya daskarar da shi, rana ta narkar, a tattake da ƙafa a matse ruwan. Yakan yi shekaru bai lalace ba. Shi ne ya cika rumbunan da muka baro a sama, ga shi yau ana auna shi a kwano, mai sayarwa na magana da harshen da Pachakuti ya yi mulki da shi. In ka saya, ce mata yapa, za ta yi murmushi ta ƙara maka. Gyara ke nan.

Musulmi ya lura da abinci. Chicharron yawanci naman alade ne. Kuy, ɓeran Masar ne da ake gasawa a tanda. Gidan da ka ga an kafa sanda da jan ƙyalle a ƙofa, giyar masara ake sayarwa, chicha. Amma chicha morada ba ta sa maye, da masara mai launin shuɗi-ja ake dafa ta, kamar zoɓo. Ga kifin kogi soyayye, ga dafaffiyar masara, ba za ka kwana da yunwa ba.

Rana na faɗawa bayan dutse sanyi zai sauko kamar an buɗe firji. Motocin Kusko suna lodi a bakin gadar kogin Bilkanota. Sa rigar alpakar da ka saya, a nan za ka gane ko ta gaske ce.