Daga tabilet zuwa talabijin: me ya hana hoton hawa?

Bilkisu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Bilkisu ce daga nan Agege. Ga Nura a gefena, ya rufe shago a Ikeja ya sha cunkoson hanya ya iso. Yau kuma muna tare da Kawu Isa, wanda shi ne ma ya jawo hirar da za mu yi. Kawu, barka da zuwa.

Kawu Isa: Barka kadai, 'yata. Nura, ya kasuwa?

Nura: Kasuwa alhamdu lillahi, Kawu. Yaya Bilki ta ɗan gutsura mini labarin a waya, amma na fi son in ji daga bakinka.

Kawu Isa: To. Satin da ya wuce aka turo mana bidiyon bikin 'yar ƙanena daga Katsina. Hajiyarmu tana wurina, ta zo ganin likita, ba ta samu zuwa bikin ba. Idonta ya yi rauni, in ka miƙa mata tabilet sai ta kawo shi dab da fuska, ta ce ba ta gane kowa. Na ce a sa mata a talabijin. Aka jawo mata kujera gaba, jikoki suka zagaye ta a kan tabarma. Yarona ya yi ta dannawa, tabilet na ta lalube, ya ƙi ganin talabijin ɗin. Na ce ko data ce ta ƙare, na sa aka sayo wata. Shiru. Tun bayan magariba har aka kira isha'i. Ƙarshe ta ce a bar shi kawai, ta dafa bango ta shige ɗaki. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Bilkisu: Allah sarki Hajiya.

Nura: Kawu, bidiyon nan, a YouTube yake ko ta WhatsApp aka turo shi ya sauka cikin tabilet ɗin?

Kawu Isa: Ta WhatsApp. Yana ciki.

Nura: To ka ga data ba ta da laifi. Hanya biyu ce ake bi, kuma mutane suna ɗaukarsu abu ɗaya. Ta farko kamar aike ce. Ka buɗe YouTube, ka taɓa ɗan akwatin nan mai alamar waifai a kusurwa, tabilet ya gaya wa talabijin inda bidiyon yake, talabijin ya je intanet da kansa ya ɗauko. Daga nan tabilet ya koma rimot, ko ka kashe fuskarsa kallo ba zai tsaya ba. Haka Chromecast, 'yar na'urar da ake sokawa a bayan talabijin, yake aiki tun da Google ta fito da shi a 2013. Ta biyu kuma dako ne. Duk abin da ke fuskar tabilet, shi zai yi ta kwasa yana kai wa talabijin, ba hutu. Shi ya sa yake zafi, batir yake saurin sauka, wani lokaci baki ya motsa kafin magana ta iso.

Bilkisu: Wanda ya sauka cikin tabilet ke nan dako za a yi masa.

Nura: Galibi. Kuma a dakon ma ba yare ɗaya na'urorin suke ji ba. Akwai Miracast, tun 2012. Shi ba ruwansa da data ko rauta, wato akwatin da ke raba waifai a gida, tabilet da talabijin suna haɗuwa kai tsaye. Samsung suna kiran nasu Smart View, a talabijin ɗin LG za ka ga Screen Share, a Hisense da yawa Anyview Cast. Amma Google ta cire Miracast daga Android tun siga ta 6, a 2015, sai kamfanin da ya ga dama ya mayar da shi a nasa kayan. Shi kuwa iPad, a dako, yaren Apple mai suna AirPlay kawai ya sani, ba ya jin Miracast ko kaɗan. Kullum sai an kawo mini kaya a shago an ce ya lalace, in duba in ga lafiyarsa ƙalau, yare ne bai zo ɗaya ba.

Kawu Isa: Nawa talabijin ɗin, in an kunna, Android yake rubutawa.

Nura: Yawwa. Irin wannan akasari hanyar Google yake bi, kuma sharaɗinta ɗaya ne: su biyun su kasance a kan waifai guda. Kawu, da me talabijin yake samun intanet?

Kawu Isa: Da ƙaramin akwatin nan na aljihu, maifai.

Nura: Tabilet ɗin fa?

Kawu Isa: Shi ai yana da layinsa a ciki. A nan na sa datar ma.

Nura: Ga ta nan. Talabijin na kan maifai, tabilet na kan layinsa. Kowa na da intanet, amma ba a gida ɗaya suke ba, ko shekara za su yi ba za su ga juna ba. Da yaron ya kunna waifai a tabilet ya shiga maifai ɗin nan, da sunan talabijin ya fito.

Kawu Isa: Ikon Allah! Wannan ɗan abin ne ya hana tsohuwa ganin jikarta?

Nura: Ina kyautata zaton shi ne. A cikin masu zuwa wurina da wannan kuka, shi na fi samu. Wani kuma suna kan rauta ɗaya, amma ɗaya ya shiga layin baƙi, wanda da gangan aka yi shi don kada na'urori su ga juna. Waifai ɗin otal ma haka yake yawanci. Wani ya kunna VPN, manhajar da ke karkatar da hanyar intanet ɗin na'ura, ya manta. Mai iPad kuma, akwai tambayar da manhaja take yi ranar farko, ko ka yarda ta nemi na'urorin da ke kan waifai ɗin gida. In ka danna a'a da sauri, shi ke nan, sai ka koma saiti ka buɗe mata.

Bilkisu: Bari in kawo tawa, don ni nawa yana haɗuwa. Da rana lafiya lau. Amma da an yi sallar isha'i, kowa ya dawo gida, sai hoto ya fara tsayawa, ya dishe, ya yi gaba ya tsaya. Yara suna karatun Alƙur'ani da bidiyo a talabijin, malamin ya ja aya sai ta katse a tsakiya. Abin yana ɓata mini rai.

Nura: Gidanku ɗaki nawa ne, Yaya?

Bilkisu: Gidan haya ne irin na Legas, ƙofa na kallon ƙofa. Mun haura goma.

Nura: In kin buɗe jerin waifai da dare, suna nawa kike gani?

Bilkisu: Sai na yi ta ja ƙasa.

Nura: To da yawa daga cikin waɗannan a titi ɗaya suke bi, zangon waifai da ake kira 2.4. Layukan da ba sa hawa kan juna a cikinsa uku ne kacal, 1 da 6 da 11. Ki ɗauka kamar gadar Third Mainland ce da safiyar Litinin. Bulutut ma nan yake bi, har na'urar ɗumama abinci tana kutsawa. In rautarki tana da zangon 5, za ki ga suna na biyu mai 5G a ƙarshe. Kada ki rikita shi da 5G na layin waya, ba su da alaƙa. Ki mayar da tabilet da talabijin can. Ya fi sarari, sai dai ba ya ratsa bangon bulo kamar na 2.4, don haka rauta ta zauna a falo ɗaya da talabijin, a sarari, a ɗan sama. Ba cikin kabad ba, ba bayan talabijin ba.

Bilkisu: Tawa tana bayan talabijin, na lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura.

Nura: Ki yaye mata ƙyallen, zafi ma yana rage mata ƙarfi. Sai dai in faɗi gaskiya, wani lokaci ba daga cikin gida ba ne. Da dare unguwa gaba ɗaya tana kan intanet, layin kansa yana nauyi. Yadda za ki bambance: ki haska bidiyon da ya riga ya sauka a tabilet. In ya tafi sumul, matsalar daga waje take, sai ki rage ingancin hoton zuwa 480 ko ki sauke karatun tun da rana. Datarki ma za ta huta, don Netflix da kansu sun ce hoto mai kyau sosai yana iya cin gig 3 a awa ɗaya.

Kawu Isa: Ni kuma ga tambaya. Mu nan ana ɗauke wuta a dawo da ita, a tayar da janareta a kashe. Wannan ba ya taɓa su?

Nura: Yana taɓawa ƙwarai, Kawu, kuma ba a cika faɗa ba. In wuta ta dawo, talabijin yakan riga rauta farkawa. Ya nemi waifai bai samu ba, sai ya haƙura, ko ya kama wani tsohon da ya taɓa shiga. Maganinsa a cire su duka daga soket, a fara kunna rauta, a jira fitilunta su natsu, sannan talabijin. Abu na biyu agogo. Akwatunan Android da yawa ba su da batirin riƙe lokaci, in wuta ta yanke sai kwanan wata ya koma baya. Da kwanan wata ya kauce, YouTube da ire-irensa sai su ƙi buɗewa, ka ga waifai a haɗe amma an ce ba intanet. Na sha gyara wannan ba tare da na kwance ko noti ɗaya ba. Na uku, masu ɗan abin nan irin Chromecast da ake sokawa a ramin HDMI, wato ramin da hoto ke shiga talabijin, da yawa suna ba shi wuta daga ramin USB na talabijin. Tsohon ramin nan rabin amfiya yake bayarwa, ba ya isar wasu. Sai ka ga ana cikin kallo ya mutu ya sake tashi. A ba shi kan cajarsa a bango.

Bilkisu: Akwai wata mai sauraro daga Idi-Araba da ta ce ita murya tana fita, amma fuskar talabijin baƙi ƙirin in ta haska Netflix.

Nura: Kayanta lafiya suke. Kariya ce aka sa wa finafinan don kada a kwafa, tana hana irin wannan dakon. AirPlay ma Netflix sun daina karɓarsa tun 2019. Ta buɗe manhajar a cikin talabijin ɗin kansa, ta shiga da asusunta.

Kawu Isa: Yarona cewa ya yi mu je Computer Village ko Alaba mu sayo wata na'ura.

Nura: Kada ka kashe ko sisi tukuna. In ma ta kama sai an saya, a tafi da tabilet ɗin a gwada a shagon kafin a biya, don akwai masu kama da Chromecast a ido, cikinsu daban. Na asalin ma Google ta daina ƙera shi a 2024. Haka kebul mai kan USB-C zuwa HDMI: ba kowane tabilet ne ke fitar da hoto ta ramin caji ba, masu sauƙin kuɗi da yawa ba sa yi. Amma Kawu, Hajiya yaushe za ta koma?

Kawu Isa: Asabar, in Allah ya kai mu.

Nura: To ga abin da zan so ka yi yau. A fara gwada waifai ɗin kamar yadda na faɗa. In ya ƙi, kada a sake zaunar da ita tana jira. A kwafe bidiyon a filas, a soka a bayan talabijin, a danna maɓallin zaɓen mashiga a rimot a shiga USB. Ba data, ba waifai, ba tsayawa. Kuma a gwada shi tun tana ɗaki, sai hoto ya fito sannan a kira ta.

Kawu Isa: Filas kam akwai, wanda ake sa wa'azi a mota.

Nura: Ya isa. In an tashi daga nan mu biya ta gidan, in kwafa maka da wayata, minti biyar ne.

Kawu Isa: Allah ya yi maka albarka, ɗana. Bari in kira gida su ce mata kada ta kwanta da wuri.

Bilkisu: Amin. A gaishe mana da Hajiya, Kawu. Masu sauraro, a nan za mu dakata, sai mako mai zuwa in Allah ya yarda.